Laump: sunan fitila da ya taso daga Girka ya zauna a bakin Menonawa

Laump. Haka ake rubuta kalmar, in kuma za ka furta ta ɗauki "lau" ɗin da ke farkon launi ka rufe bakinka da mp, to ka yi kusa da yadda masu ita ke faɗi. Ma'anarta fitila, fitilar cikin gida dai wadda ake ɗorawa kan tebur ko a rataye a tsakiyar ɗaki, a wani harshe da ake ce ma Plautdietsch wanda da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba. A nahawunsu mace ce kamar yadda fitila take mace a wajenmu, suna cewa de Laump, in da yawa ne kuma Laumpen. Duk wanda ya ɗan zauna a aji zai ce ai wannan lamp ce ta Turanci aka lanƙwasa mata baki, nima abinda ya fara zuwa min kenan, kuma shi ya sa na zauna na bi sawun kalmar, ashe tafiyarta ta fi haka nisa nesa ba kusa ba.

Sai an san masu harshen kafin a gane maganar. Ana kiransu Menonawa, Kiristoci ne daga cikin waɗanda suka ɓalle a ƙarni na 16 suka ce ba a yi wa jariri baftisma sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa, ba sa ɗaukar makami ba sa rantsuwa. Sunan daga Menno Simons ya samo asali, wani limamin coci ɗan Friesland a arewacin Holan da ya bar cocin Katolika a 1536. An matsa musu lamba sosai a lokacin, ana kamawa ana kashewa, sai da yawansu suka yi gabas suka sauka a bakin kogin Vistula kusa da birnin Danzig, wanda yau ake kira Gdansk a ƙasar Polan. Wajen duk fadama ce ruwa ya cinye, su kuma 'yan Holan ne sun iya gina madatsa da janye ruwa daga gona, shi ya sa masu ƙasar suka riƙe su. Sun yi sama da shekara 200 a nan. A coci da Holanci suke wa'azi har cikin ƙarni na 18, amma a gida da gona da kasuwa harshen maƙwabtansu suka ɗauka, wato Jamusancin arewa da ake ce ma Platt, wanda ya bambanta da Jamusancin boko da ake koyarwa a makaranta. Wannan harshen na gida shi ne ya zama Plautdietsch.

Daga nan kuma tafiya ce ba tsayawa. Bayan an raba Polan a 1772 yankin ya koma hannun Prussia, wata masarautar Jamusawa, sarauniyar Rasha Katarina ta biyu ta yi musu tayin ƙasa, suka kafa matsuguninsu na farko Chortitza a bakin kogin Dnipro a 1789, na biyu Molotschna a 1804, duk a cikin Yukren ta yau. Da Rasha ta kawo dokar aikin soja na dole a 1874 wajen mutum 18,000 suka tsallaka zuwa Kanada da Amurka. A 1922 wasu suka bar Kanada saboda an tilasta musu sa yaransu a makarantar Turanci, suka koma Chihuahua a Meziko, wasu Faragwai a 1927, daga Meziko kuma wasu suka wuce Beliz a 1958, sannan Bolibiya. Waɗanda suka rage a Rasha kuwa shugaban Sobiyet Stalin ya kwashe da yawansu a 1941 zuwa Saiberiya da Kazakistan, jikokinsu da yawa yanzu suna Jamus. Masu magana da harshen yau sun kai wajen 400,000 a warwatse haka. To mutanen da suka ratsa cikin harsuna haka, in ka ɗauki kalma ɗaya daga bakinsu dole ka tambaya a wane zango suka ɗauko ta.

Turanci shi ya fi saurin fita daga zargi. Ba su haɗu da masu Turanci ba sai 1874, kuma ba duka ne suka je ba, dangin da aka bari a Rasha waɗanda suka ƙare a Saiberiya ba su taɓa zama da Bature ɗan Ingila ko Amurka ba amma fitilarsu Laump ce. Sannan kalmomin da suka aro daga Turanci da gaske ana gane su da ganin farko, babbar mota Trock, keke Beissikjel, babban titi Heiwä, duk abubuwan da suka tarar a can ne.

Rashanci ne ya fi ba ni aiki, don a Rashanci ma fitila lampa ce, kuma akwai dalili mai ƙarfi da zai sa mutum ya karkata can. Fitilar kananzir a lokacin da suke zaune a Rasha ta bayyana, wani mai haɗa magunguna ɗan Polan Ignacy Lukasiewicz ya haɗa tasa a birnin Lviv a 1853, bayan haka kananzir ɗin Baku ya cika daular ya yi araha har ƙauye. Kuma sun aro kalmomi daga Rashanci da Yukrenanci ba kaɗan ba, kankana Arbus, tumatir Bockelzhonn wanda asalinsa sunan gauta ne a bakin maƙwabtan, ga abincinsu da suke ji da shi Wrenikje. Sai mutum ya ce to ai sabuwar fitila ta zo da sabon suna. Amma duba ƙarshen kalmar. Lampa da a take ƙarewa, kuma bakin Bamenone ba ya ƙin a a ƙarshen kalma ko kaɗan, uba Voda ne, uwa Mutta, ruwa Wota, har jakin da suka tarar a Meziko burro suka mai da shi Burra. Da lampa suka ara babu abinda zai sa su guntule mata wutsiya. Ita kanta lampa ɗin baƙuwa ce a Rashanci, daga yamma ta shiga, wato daga ɓangaren da Menonawan suka fito.

Inda maganar take da daɗi shi ne wannan au ɗin na tsakiya. Kowane harshe yana da tambarin da yake buga wa kalmominsa, mu ma muna da namu, ka ga yadda l ɗin ƙarshe na Turanci ke komawa r a bakinmu, tebur, kyandir, da ka ji ka san ta hannun Bahaushe kalmar ta bi. To tambarin Plautdietsch mafi fitowa fili shi ne gajeren wasalin a na tsohon Jamusancin arewa ya koma tagwan wasali au. Inda Bajamushe zai ce Mann su Maun suke cewa, Hand hannu ya zama Haunt, Land ƙasa ta zama Launt, tuffa da 'yan uwansu na arewa ke ce ma Appel su Aupel, har ƙananan kalmomi irin su dat da wat sun zama daut da waut. Kai sunan harshen ma kansa shaida ne, Platt ce ta zama Plaut, Plattdeutsch ya zama Plautdietsch, wato canjin da ya faru a cikin sunan fitilar shi ne dai ya faru a cikin sunan harshen. Wannan abin ya burge ni matuƙa, don ba sai ka je nesa neman hujja ba tana nan rubuce a goshin harshen.

Kuma canjin ba kara zube ya faru ba, yana da ƙa'ida. In baƙin da ke bin a ɗin daga can cikin baki yake fitowa wajen maƙogwaro to a ɗin yana nan yadda yake, dare Nacht ne, takwas acht, yini Dach, dogo lang. Amma a gaban m da n da t da p sai ya buɗe ya zama au. Lampe tana da a a gaban m, don haka ƙa'idar ta hau kanta daidai kamar yadda ta hau Maun da Haunt.

Yaushe hakan ya faru? Nan ma akwai hanyar ganewa. Harshen yana da manyan karori biyu, na Chortitza da na Molotschna, kuma sun saɓa a abubuwa da dama, coci a wajen wasu Kjoakj ne a wajen wasu Tjoatj, 'yan Chortitza suna riƙe n a ƙarshen kalma su ce moaken 'yan Molotschna su yar da shi su ce moake, har jam'in fitilar tamu ma abin ya shafa, can Laumpen nan Laumpe. Amma duk saɓaninsu a kan au ɗin nan bakinsu ɗaya. Ayari biyu da suka tashi daban daban suka zauna a wurare daban, in ka same su da tabo iri ɗaya to daga gida suka fito da shi, ma'ana tun a bakin Vistula kafin 1789 aka riga aka buga tambarin.

Sai e ɗin ƙarshe da ya ɓace. A tsohon Jamusancin arewa na tsakiyar zamani, wanda shi ne harshen fataken ƙungiyar Hansa da ke kasuwanci daga Lübeck har Danzig, kalmar lampe ce da e a ƙarshe, kamar yadda kyanwa take katte. Plautdietsch ya yar da irin wannan e ɗin, katte ta zama Kaut, lampe ta zama Laump, canji biyu kenan a kan kowacce kuma iri ɗaya sak. Jamusancin boko shi ya riƙe nasa, har yau Katze da Lampe.

Akwai wanda zai ce ai baƙuwar kalma ma tana iya kwaikwayon 'yan gida, mutum ya ji Lampe a makaranta ya mai da ita Laump don ya saba duk inda malam ya ce a a gida au ake cewa. Gaskiya ne hakan na faruwa, kuma shi ya sa au ɗin shi kaɗai bai isa ya yanke hukunci ba. Abinda ya ƙarasa maganar a wajena shi ne kalmar lampe tana nan a rubuce a tsohon Jamusancin arewa da kuma tsohon Holanci tun kafin a haifi Menno Simons. Kakanninsu da suka taso daga Holan da kalmar suka taso, suka iso Vistula suka tarar maƙwabta ma ita suke faɗi, babu wani giɓi da za a ce aro ya zo ya cike. Jamusancin boko aikin da ya yi shi ne ya riƙa tuna musu da ita, don bayan sun bar Holanci shi ya zama harshen coci da makaranta, Baibul ɗin da Martin Luther ya fassara da Jamusanci suke karantawa, kuma a Matiyu sura ta 25 akwai misalin 'yan mata goma da suka ɗauki fitilunsu suka fita taryen ango, biyar da mai biyar babu, kalmar da ke wajen Lampen ce. Yaro ya ji Lampen ran Lahadi daga bakin mai wa'azi, da magariba uwarsa ta ce ya kawo Laump, kamar dai yadda ɗanmu ke jin ƙalam a karatu ya dawo gida ana ce masa alƙalami. Cikakken Baibul a harshen nasu na gida ma sai 2003 ya fito.

To an gama da cewa gado ce. Amma ita lampe ɗin ba 'yar asalin Jamusanci ba ce, ita ma shigowa ta yi, kuma akwai wata dabara mai kyau da ake gane lokacin shigowarta. A Plautdietsch tururi Daump ne, ka ga ya yi amo ɗaya da Laump, in da wannan harshen kaɗai kake dubawa sai ka ɗauka tare aka haife su. Sai ka leƙa Jamusancin boko ka ga tururi Dampf ne amma fitila Lampe, ɗaya da pf ɗaya babu. Dalili kuwa, can da daɗewa kafin ƙarni na 9 wani canji ya ratsa Jamusancin kudu ya mai da p ya koma pf a wasu gurabe, kuma duk kalmar da ke cikin harshen a lokacin sai da ya taɓa ta ko da ta aro ce. Kalmomin da suka shigo daga Latin tun zamanin Rumawa duk sun sha wannan, piper ya zama Pfeffer, planta ta zama Pflanze, campus filin daga ya zama Kampf wato faɗa. Arewa canjin bai kai can ba shi ya sa Menonawa har yau Päpa suke ce ma barkono, shuka kuma Plaunt, ga au ɗin nan ya sake fitowa. Da fitila ta shigo tare da waɗancan da yau Lampfe Jamusawa ke cewa. Ba su ce haka, don ta iso bayan ƙurar ta lafa, kuma rubuce-rubuce sun tabbatar da hakan, a ƙarni na 13 ta fara bayyana a Jamusanci, daga tsohon Faransanci lampe. Turanci ma daga wannan Faransancin ya karɓi tasa wajen shekara ta 1200. Don haka lamp ta Turanci da Laump 'yan uwa ne da suka haɗa kaka, babu wadda ta haifi wata.

Mu ma fa muna da irin wannan ma'aunin a Hausa in mun lura. Labari da laifi da lafiya duk daga Larabci suke da al a gabansu, amma sun narke har a ɗin farko ya tafi saura l, alhali alƙalami da albasa da aljihu sun riƙe al ɗinsu cif. Yadda kalma ta lanƙwashe yana gaya maka ba rana ɗaya suka shigo ba kuma ba ta ƙofa ɗaya ba.

Faransanci kuma daga Latin ya gada, lampas, Latin ta aro daga Girkanci lampas, wadda ta fito daga aikatau lampein, haskawa ko walƙiya. A Girka ta dā kalmar ba fitilar ɗaki take nufi ba da farko, sandar wuta ce da ake riƙewa a hannu irin wadda za mu ce jiniya ko bakin wuta, a Atina har tseren gudu ake yi da ita a lokacin bukukuwa, wannan ya miƙa wa wancan ba tare da ta mutu ba. A Girkancin Sabon Alkawari wannan kalmar ce a hannun 'yan matan nan goma, fassarar Latin ta riƙe ta, coci ya riƙe ta, kuma lokacin da ta shiga Jamusanci galibi fitilar mai ce da ake ratayewa a coci take nufi, talaka a gidansa kitse yake ƙonawa ko tsinken itace mai ƙaro. A hankali ta sauko daga rufin coci ta shiga ɗakin girki. Daga tushen nan ɗaya Girkawa suka yi lampter, Rumawa suka mai da ita lanterna, daga nan Laterne ta Jamusanci da lantern ta Turanci suka fito.

Asalin kalmarsu ta gida ta haske kuwa Licht ce, ita ba aro ba ce, 'yar uwar light ce ta Turanci da lux ta Latin tun daga tushe. Tana nan da ranta, har fim ɗin da Carlos Reygadas ya yi da harshen a cikin Menonawan Chihuahua a 2007, wanda ya samu kyautar alƙalai a bikin Cannes, sunansa Stellet Licht, haske mai shiru. Sai aikin ya rabu, hasken Licht, abin da ke riƙe da hasken Laump.

Akwai abinda na lura da shi wanda a ganina shi ya sa kalmar ba ta taɓa girgiza ba duk yawon nan. Duk inda suka sauka sai sun tarar da 'yar uwarta ta riga su zuwa. A Holan lamp, a Polan lampa, a Rasha lampa har da lampada ta gaban hotunan coci wadda ita kai tsaye daga Girkanci ta zo, Yahudawan da ke maƙwabtaka da su a Yukren lomp suke cewa da Yidish, a Kanada lamp, a Meziko da Faragwai da Bolibiya lámpara, waɗanda suka je Burazil a 1930 suka tarar da lâmpada. Kalma tana mutuwa ne in mai kanti bai gane ta ba dole ka koyi tasa, amma wannan ko ina ka faɗe ta a kasuwa za a miƙo maka abinda kake nema. Har ta ɓangarenmu ta zagayo, 'yan uwanmu Hausawan Sudan da duk wanda ya zauna a Makka ko Jidda ya san ƙwan lantarki lamba ake ce masa da Larabcin kasuwa, Turkawa ma lamba suke cewa, to wannan lamba ɗin dangin Laump ce, ba ruwanta da lambarmu ta ƙidaya.

Abin da sunan ke nunawa kuwa ya yi ta canzawa a ƙarƙashinsa, daga sandar wuta zuwa kaskon mai da lagwani zuwa ta kananzir mai ƙwan gilashi zuwa ta lantarki. Kuma lantarkin nan bai zo musu da sauƙi ba. Daga 1927 zuwa 1932 gwamnatin Sobiyet ta gina babbar madatsar ruwa ta samar da wuta a kan Dnipro daidai gefen Chortitza, ruwan da ya taru ya shanye ƙauyen Menonawa na Einlage, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙauyukansu na farko. A can ɗaya ɓangaren duniya kuma, masu tsaurin ra'ayi daga cikinsu waɗanda ake ce ma 'yan Tsohon Matsuguni, musamman na yankin Santa Cruz a Bolibiya, har yau ba sa jawo wutar lantarki cikin gidajensu, da keken doki suke tafiya, tarakta ma ƙafar ƙarfe suke sa mata don kada ta zama abin yawo zuwa gari. A gidajen nan Laump tana nan a ma'anarta ta shekara 150 da suka wuce, ta kananzir ce, a goge ƙwan a gyara lagwani a zuba mai kafin duhu. Ɗan uwansu da ke Winnipeg a Kanada ko wani gari a Jamus kuma in ya ce Laump maɓalli zai danna. Duk wanda ya tashi a gidan da ake goge ƙwan fitila da toka da tsumma kafin magariba, ko ya yi tilawa a gaban aci-balbal, ya san irin fitilar da matar Bolibiyan nan take nufi fiye da yadda jikanta na birni zai sani.

Ba zan bar maganar ba sai na taɓo tamu fitilar, don akwai inda hanyoyin biyu suka gamu da gaske. Fitila daga Larabci muka aro ta, fatila, kuma a Larabci ba dukan fitilar take nufi ba, lagwanin kawai take nufi, daga tushen fatala wato murza zare ko tufka. Mahaddata sun san kalmar, a Alƙur'ani inda aka ce ba za a zalunce su ba ko da fatilan, malamai suna fassara shi da ɗan siririn zaren nan da ke cikin tsagin ƙwallon dabino. Mu sai muka ɗauki sunan lagwanin muka ba wa abin gaba ɗaya, Turawa suka sa wa tasu suna daga hasken da take bayarwa, mu daga zaren da ke ci a cikinta. To wannan kalmar ta Larabci ba kudu kaɗai ta yi ba, ta yi arewa ma, Turkawa suka karɓe ta fitil, daga wajensu ta shiga Rashanci, kuma har yau lagwani a Rashanci fitil ne. Ma'ana a ƙarshen ƙarni na 19 in Bamenonen Molotschna ya shiga kantin Barashe neman abin gyaran fitilarsa, ita fitilar Laump yake ce mata da kalmar da ta taso daga Atina ta bi ta Rum da Faransa da bakin Vistula, lagwanin da mai kantin zai yanko masa kuma fitil zai kira shi, kalmar da a daidai lokacin ake kunna ta da man gyaɗa a zaurukan Kano da Katsina da Damagaram.